Yadda Ake Shirin Kallon Wasan Ƙungiyar Rok da Ta Sake Haɗuwa Bayan Rabuwa

Wasan ƙungiyar kiɗan rok da ta rabu shekara da shekaru ta dawo ya bambanta da wasan da aka saba. Masu nema sun ninka kujerun da ake da su, mawaƙan sun manyanta, kuma babu tabbacin za a sake. Led Zeppelin sun haɗu a dandalin O2 na Landan ranar 10 ga Disamba 2007, dare ɗaya tak, a wurin da ke ɗaukar mutum kusan 20,000, amma buƙatun tikiti da aka aika ta intanet sun kai miliyan 20. Daga wannan daren ba su sake yin cikakken wasa tare ba. Black Sabbath sun yi nasu a filin Villa Park da ke Birmingham ranar 5 ga Yuli 2025, mawaƙinsu Ozzy Osbourne kuma ya rasu ranar 22 ga wannan watan. Don haka mafi yawan aikin mai son kallo tun kafin ranar ake gama shi.

Fara da sanin wa da wa za su hau dandamali

Kafin ka taɓa kuɗinka, karanta sanarwar a shafin ƙungiyar na ainihi, ka duba sunayen ɗaya bayan ɗaya. Sunan ƙungiya daban, mutanen da ke cikinta daban. Da Guns N' Roses suka dawo a 2016, Axl Rose da Slash da Duff McKagan ne suka haɗu, Izzy Stradlin bai shiga ba. A daren Led Zeppelin, Jason Bonham ne ya zauna a kan gangunan, domin mahaifinsa John Bonham ya rasu tun 1980. Idan salon wani makaɗin jita ne ya sa kake son ƙungiyar, gara ka san ko yana ciki tun yanzu.

Duba kuma irin taron. Akwai wasan ƙungiyar ita kaɗai, wanda kan ɗauki awa biyu ko fiye, akwai kuma bikin da ƙungiyoyi da yawa ke hawa bi da bi. Pink Floyd sun haɗu da tsohon ɗan ƙungiyarsu Roger Waters a taron Live 8 na 2005 a Landan, abin da mutane suka jira shekara fiye da 20, amma duka-duka kusan minti 20 suka yi. Wanda ya tsallaka ƙasa domin irin wannan ya kamata ya san abin da zai samu.

Sayen tikiti

Nan ne akasarin mutane ke faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Manyan ƙungiyoyi kan buɗe rajistar sayarwar farko kwana kaɗan kafin a buɗe wa kowa. Wani lokaci ƙuri'a ce, a aiko wa waɗanda suka ci lambar sirri ta imel. Ka yi rajistar a ranar da aka sanar, domin takan rufe cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka riƙa leƙa akwatin saƙonnin banza na imel ɗinka, lambar kan faɗa can.

Kwana ɗaya kafin sayarwa, buɗe asusu a shafin kamfanin da aka ba sayar da tikitin. Tabbatar da imel da lambar waya, shigar da katin banki, ka gwada kalmar sirri ka ga tana aiki. Ka bincika abu biyu a bankinka: ko katin yana biyan kuɗi ta intanet zuwa ƙasar da kamfanin yake, da kuma iyakar abin da zai iya fitarwa a rana. Mutum kan kai gaban layi bayan awa uku, katin ya ƙi, tikitin ya koma hannun wani. Ajiye kati na biyu kusa. Wayar da banki ke aiko wa lambar tabbatarwa ta kasance a hannunka da caji.

Idan da abokai za ku je, ku zauna ku yanke abu uku tun da wuri: wane dare, wane sashe, da kuma kuɗin da ba za ku wuce ba. Yawanci ana iyakance mutum ɗaya ga tikiti huɗu ko shida. Kowa ya shiga layi da asusunsa da na'urarsa, wanda ya fara isa ya saya wa kowa, ya sanar da saura nan take don kada a saya sau biyu.

Ranar sayarwa ka shiga shafin minti 15 zuwa 30 kafin lokaci. A mafi yawan tsare-tsare, waɗanda ke ɗakin jira kafin a buɗe ana raba musu lambar layi ne ta hanyar sa'a, wanda ya zo bayan an buɗe kuwa sai ya bi baya. Kwana a gaban kwamfuta ba ya ƙara komai, amma makarar minti biyu tana iya jefa ka bayan dubban ɗaruruwa. Da ka shiga layi kada ka sabunta shafin. Kada ka buɗe shafuka da yawa da asusu ɗaya, kuma ka kashe VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda kake a intanet, domin na'urar kamfanin kan ɗauki irin wannan a matsayin aikin manhajar 'yan bumburutu ta fitar da mutum daga layi.

Idan ka isa, agogo zai fara ƙirga, minti kaɗan gare ka. Wannan ƙurewar lokaci ita ce ke sa mutane biyan abin da ba su yi niyya ba. Lokacin da aka sayar da tikitin dawowar Oasis a ƙarshen Agusta 2024, tikitin tsayuwa da aka tallata a kan kusan fam 150 ya bayyana wa wasu a kan fiye da fam 350 bayan sun shafe sa'o'i a layi. Amfanin yanke iyaka tun farko ke nan. Duba jimillar ƙarshe, domin kuɗin hidima yana zuwa ne a shafin biya. Karanta ƙaramin rubutun da ke jikin kujera ma: idan an ce ganinta ragagge ne, to akwai ginshiƙi ko hasumiyar lasifika a gabanta, ko kuma gefen dandamali take kallo.

Idan ba ka samu ba, kada ka ruɗe. Sau da yawa ana ƙara darare idan na farko sun ƙare. Haka kuma bayan an kafa dandamali an auna inda kayan aiki suka tsaya, akan saki wasu kujerun da aka riƙe, a makon wasan ko ma ranar. Akwai kuma kasuwar sake sayarwa da ƙungiyar ta amince da ita, inda wanda ya fasa ke mayar da tikitinsa a kan kuɗin da ya saya. Oasis sun ayyana shafukan Twickets da Ticketmaster kaɗai, masu shirya wasan kuma suka ce za su soke tikiti kusan 50,000 da aka sayar ta wasu hanyoyin. Wanda ya sayi irin wannan wataƙila sai a bakin ƙofa zai san an soke.

Game da masu talla a Facebook da X da sauransu, hukuncin a taƙaice yake: kada ka tura wa baƙo kuɗi kai tsaye. Hoton tikiti ba hujja ba ne, ana iya aika hoto ɗaya ga mutum hamsin. Tikitocin waya na yanzu da yawa lambarsu tana canjawa duk bayan daƙiƙoƙi kaɗan, saboda haka hoton fuskar waya ba ya buɗe ƙofa. Tikiti na gaskiya shi ne wanda aka tura daga asusun mai shi zuwa naka a cikin manhajar kamfanin, ya fito da sunanka. Biya da kati a shafin da aka amince da shi yana ba ka damar neman banki ya bi maka kadi idan an cuce ka. Kuɗin da ka tura wa mutum da hannunka da wuya ya dawo.

Masauki da tafiya, da yiwuwar a fasa

Kama ɗakin otal da ake iya sokewa kyauta, kuma ka kama shi ranar da aka sanar da wasan, tun kafin ka samu tikiti, domin kuɗin ɗakuna kan tashi cikin sa'o'i. Ka zaɓi wanda ke kan layin jirgin ƙasa ko bas mai zuwa filin, ba dole sai wanda ke jikin filin ba. Idan wasan a wata ƙasa yake, duba tsawon lokacin da biza ke ɗauka kafin ka sayi komai.

Ƙungiyar da ta taɓa rabuwa tana iya sake saɓawa, kuma jikin ɗan shekara 50 ko 70 ba na ɗan 25 ba ne. Rage Against the Machine sun dawo a Yuli 2022, a wasa na biyu a Chicago mawaƙinsu Zack de la Rocha ya tsinka jijiyar agararsa, daga baya aka soke wasanninsu na Turai da kuma na shekarar da ta biyo. Idan an soke, kuɗin tikiti ake mayarwa, ban da na jirgi da otal. Idan ɗagawa aka yi, tikitin yakan ci gaba da aiki a sabuwar rana, kuma akan ba da 'yan kwanaki ga mai son kuɗinsa. Idan da zaɓi, ɗauki daren da ke farkon zagayen wasannin ko tsakiyarsa: muryoyi ba su gaji ba tukuna, kuma idan matsala ta taso, na ƙarshe ne suka fi shiga haɗari.

Inda za ka tsaya

Sautin da ya fi kyau yana kusa da teburin haɗa sauti, wato rumfar da ke tsakiyar fili tana fuskantar dandamali. A nan injiniya ke zaune, kuma abin da kunnensa ke ji a wurin shi yake daidaitawa. Ka tsaya gabanta kaɗan ko gefenta, shingen da ke kewaye da ita zai kare maka baya daga turi. Gaban dandamali yana ba ka ganin fuskokinsu, amma manyan lasifikan suna rataye sama suna harba sauti ta kan na gaba, sai ƙarar ganga da jita su danne murya. Kujerun can sama ƙarƙashin rufi kuwa amsa-kuwwa ke damunsu. A kujeru, gefe na ƙasa wajen tsakiyar fili ya fi. Mai ciwon baya ko gwiwa ya ɗauki kujera ba tare da jin kunya ba, domin tsayuwar daga buɗe ƙofa zuwa tashi tana kai awa biyar ko shida. Yara kuma sau da yawa ba a barin su sashen tsayuwa, sai ka duba ƙa'idar shekaru.

Kunnenka

Wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, 100 minti 15 kacal. Wasan rok yana yawo a wajen 100, kusa da lasifika ya fi haka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a irin waɗannan wurare ya wuce desibel 100. Ke nan ko a inda ake bin ƙa'ida, kunnen da ba kariya ya cinye rabonsa na yini cikin waƙoƙi uku ko huɗu. Ƙananan ƙwayoyin gashi da ke can cikin kunne, waɗanda ke karɓar sauti, idan sun mutu ba sa sake tsirowa.

Abin toshe kunne iri biyu ne. Na soso yana da arha, yana rage ƙara sosai, amma ya fi datse siririn sauti, sai kiɗan ya zama kamar daga bayan bango. Na makaɗa yana da 'yar matata a ciki, yana rage desibel 15 zuwa 20 kusan daidai a kowane sauti, ka ji murya da jita tas. Shi ya fi dacewa, kuma ka gwada shi a gida tukuna don ka san girman da ya zauna maka.

Na soso ba ya aiki sai an sa shi daidai. Murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba lanƙwasa. Zagaya ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe. Tura shi ciki, ka riƙe da ɗan yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Idan rabinsa yana leƙowa waje, bai shiga ba, sake. Alamar ya zauna ita ce ka ji muryarka ta yi kauri a cikin kanka. Sa shi kafin masu share fage, wato makaɗan da ke hawa kafin babbar ƙungiyar, su fara, kada ka riƙa cirewa a waƙar da ka fi so, domin 'yan mintocin nan suna zubar da yawancin kariyar. Yaro kuma a sa masa irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya.

Ranar wasan

Sauke tikitin cikin wayarka tun kana masauki. Inda mutum dubu 70 ko 90 suka taru, sabis kan tsaya cak. Cika caji, ɗauki ƙaramin batirin aljihu da igiyarsa, ka ƙara hasken fuskar waya a bakin ƙofa don na'ura ta karanta. Karanta dokar jaka ta filin: manyan filaye da yawa ba sa karɓar jakar da ta fi girman takardar A4, kuma ba kowanne ke da wurin ajiya ba. Babbar kyamara, lema, kwalba da gwangwani galibi haramtattu ne. Da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi a ciki. Riƙe katin shaida idan tikitin na ɗauke da suna. Mai shan magani ya zo da shi cikin kwalinsa na asali.

Takalmi rufaffe mai igiya, wanda ka saba da shi. Silifa kan fita a cunkoso, kuma sunkuyawa neman takalmi cikin taro haɗari ne. Ci abinci sosai kafin ka shiga, ka riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan. Masu suma a gaba yawanci yunwa da ƙishi da zafi ne suka haɗu musu. Ku tsayar da wurin haɗuwa a waje, wuri ɗaya takamaimai mai suna ko lamba, saboda waya ba za ta shiga ba.

Lokacin da ke jikin tikiti na buɗe ƙofa ne. Filin kan wallafa jadawalin ranar a shafinsa. Mai neman gaban dandamali ya zo sa'o'i kafin buɗewa, mai kujera ya ba kansa awa ɗaya da rabi saboda layin bincike. Shiga bayan gida lokacin da masu share fage ke kan waƙarsu ta ƙarshe, kafin layi ya taru.

Da shigarka, kafin komai, nemi ƙofofin fita biyu ban da wadda ka shigo ta ciki. A gobarar gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, ranar 20 ga Fabrairu 2003, mutum 100 suka mutu, kuma da yawansu sun cushe ne a babbar ƙofar da suka shigo ta ciki, alhali akwai wasu ƙofofin.

Cunkoso

Abin da ke kisa a turmutsitsi mafi yawa matsewar ƙirji ce har numfashi ya gagara, mutum yana tsaye ma. Mutum 11 sun mutu a ƙofar shiga wasan The Who a Cincinnati a 1979, tara kuma a gaban dandamalin Pearl Jam a bikin Roskilde na Danmak a 2000. Idan an kai mutum biyar a murabba'in mita ɗaya an shiga haɗari, daga shida zuwa sama taro kan fara motsi kamar ruwa, ba wanda ke da ikon ƙafarsa.

Ba sai ka ƙirga ba, jikinka zai gaya maka. Idan ana taɓa ka ta gefe ɗaya ko biyu, da sauƙi. Idan an matse ka ta ko'ina, ba ka iya ɗaga hannu zuwa fuskarka, ko ka ji ana kai ka inda ba ka nufa ba, lokacin fita ya yi, ko da waƙar da ka zo dominta ake yi. Ɗaga hannuwa gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhu ya samu wurin buɗewa. Ware ƙafa, ɗaya gaba ɗaya baya. Kada ka yi kokawa da turi, ka bi shi, idan ya lafa ka zame a karkace zuwa gefe da baya, taki biyu ko uku a kowane lafawa. Kada ka ɓata numfashi da ihu. Abin da ya faɗi ka bar shi. Idan wani ya faɗi a ɗaga shi nan take, domin faɗuwar mutum ɗaya ke buɗe ramin da wasu ke rufzawa. Idan kai ne ka faɗi ka kasa tashi, kwanta ta gefe, ka dunƙule, ka kare kai da hannu. Wanda ke jikin shingen gaba ya ɗaga wa ma'aikatan tsaro hannu, aikinsu ne su ciro shi ta sama.

A kiɗa mai zafi matasa kan buɗe da'ira suna bangazar juna da gangan. Idan ka ga fili ya buɗe ba zato a kusa da kai, shi ne, ka ja baya idan ba ka so.

Abin da za ka ji

Murya tana sauka da shekaru, shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke sauko da muryar waƙa ƙasa da rabin mataki ko mataki guda. Led Zeppelin sun yi haka a wasu waƙoƙin a 2007. Wani mawaƙin kan miƙa wa taro baitin da ya fi buƙatar ɗaga murya, wani kan rera a zaune, kamar yadda Ozzy ya yi a kan kujera a wasansa na ƙarshe. Wannan ba ha'inci ba ne. Wanda ya zo neman sautin faifan da aka naɗa shekara 30 baya zai rasa abin da ke gabansa, wato mutanen da suka ƙirƙiri waƙoƙin suna kaɗa su tare a raye.

Manyan wasanni kan bi kusan jeri ɗaya kowane dare, saboda fitilu da hotunan allo an tsara su a kan waƙoƙin. Shafin setlist.fm na nuna abin da aka rera a dararen baya, idan kana son sani. Idan bazata kake so, ka kauce masa. Bidiyo kuwa, ɗauki guntu biyu ko uku na daƙiƙa 30, wayar a daidai fuskarka don kada ka tare na baya, sannan ka mayar aljihu. Makirfon ɗin waya ba ya ɗaukar irin wannan ƙarar da kyau.

Idan sun yi sallama sun sauka amma fitilun filin ba su kunnu ba, za su dawo da waƙa biyu zuwa huɗu, kuma galibi manyan ne. Fitilu sun haska ko'ina an saki kiɗan faifai, to an tashi.

Fita

Filaye da yawa suna da dokar tashi wajen ƙarfe 10:30 ko 11 na dare, don haka ka san lokacin jirgi ko bas na ƙarshe tun da rana. Idan ba ka cikin matsi, zauna minti 15 zuwa 20 taro ya ragu. Mai kiran motar haya ya taka kamar kilomita ɗaya daga filin tukuna, saboda hanyoyin kusa a rufe suke.

Idan kunnenka yana ƙara ko ya dushe bayan wasan, ka hutar da shi kwana ɗaya zuwa biyu: ba abin sauraro na kunne, ba wuri mai hayaniya, kuma kada ka tura masa auduga ko tsinke. Idan ƙarar ta wuce kwana biyu zuwa uku, ko akwai ciwo ko jiri, ka ga likitan kunne. Idan kuwa ji ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, ka je a ranar, domin maganin irin wannan ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko.